Jatau Ya Yi Birgima a Laka

Ko na rantse muku, yara, ba za ku yarda ba. Wata shekara ruwa ya ci wani gari, ya ci gonaki, ya ci rumbuna, ya bar mutane a gindin bishiya suna kallon laka. Gida ɗaya ne ya tsira, na Jatau sarkin tsiya, can bayan tudu.

Da mutanen garuruwan maƙwabta suka kawo gudummawar dawa, sai Jatau ya yi birgima a laka, ya shiga layi yana kururuwa: "Wayyo gidana! Wayyo hatsina!" Aka juye masa ƙwaryar ƙarshe. Gwaggo Kande da ke bayansa ta juya da jikokinta hannu wofi.

Washegari Jatau na kishingiɗe yana yi wa kansa kirari, sai ga sallama. Gwaggo Kande ce, jama'a biye da ita da fartanyu da kwanduna.

"Ɗan nan, kukanka ya tsaya mini a rai. Gayya muka zo, mu tayar maka da gida."

Suka dubi katanga a bushe, suka dubi rumbu a tsaye. Sai jikan Kande ya fashe da kukan yunwa.

Jatau ya sunkuyar da kai, ya jingina tsani a jikin rumbu.

"Gwaggo, miƙo kwandon."