Wanda Ya Buga Takardar Jingina

Ranar da Hamdiyya ta fara ganin Saifuddeen, jini ke zuba a goshinsa. Mutanen Alhaji Giɗaɗo ne suka shigo gonar shinkafar mahaifinta a Illo da gora da adda, wai gonar jingina ce a hannun ubangidansu. Suka kayar da mahaifin nata, Malam Abbas, cikin laka. Saifuddeen yana wucewa a babur ya shiga tsakani, gorar da aka ɗaga wa tsohon ta sauka a kansa.

Ta yage gefen mayafinta ta ɗaure masa. Shi kuma ya karɓi lambarta, wai don ya biya mayafin.

Da la'asar saƙo ya shigo: "Likitata, ciwon ya ƙi lafawa. Sai an sake duba ni."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta rubuta: "Ka zo da kan, mu gani."

Wata biyu suna haka, sai sammaci ya iso. Giɗaɗo ya shigar da takarda kotu, wai shekara uku ke nan Malam Abbas ya ci bashinsa ya jinginar da gonar, alhali ko sisi bai taɓa karɓa ba. A nan aka gano Giɗaɗo baffan Saifuddeen ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, kuma a shagon Saifuddeen na buga takardu a Bagudo aka buga takardar. Malam Abbas ya rantse in ya ƙara ganin Saifuddeen a ƙofar gida sai ya sare shi.

Hamdiyya ta tura masa: "Da hannunka?"

"Da hannuna, Likitata. Baffa ce mini ya yi tsohuwar takardar ta jiƙe, kuma a lokacin ban san ku ba. Zan faɗa gaban alƙali."

Ranar zaman kotu mutanen Giɗaɗo suka tare shi a hanya. Suka karya masa hannu, suka farfasa injinan shagonsa. Haka ya shigo kotu, riga duk jini, ya shaida cewa bana ya buga takardar, baffansa ne ya sa a mayar da kwanan watan baya.

Alƙali ya dubi Giɗaɗo. Ya ce a ƙasar nan mai riƙe da jingina shi ke noma gona har a fanshe ta. Damina uku, ina shinkafar da ya girbe? Giɗaɗo kuwa bai taɓa girbe ko buhu ɗaya ba. Aka soke takardar, aka tura shi gidan yari kan ƙirƙirar bashin ƙarya.

Malam Abbas da kansa ya je gidan mai ɗori inda Saifuddeen ke jinya, Hamdiyya na bayansa da kwanon fura.

"Baffanka na tsare. Wa za ya karɓa maka aure?"

"Ba kowa, Baba."

"To ƙanena za ya tsaya maka. Ɗiyar kuwa tawa ce, na ba ka."

Bayan girbi aka ɗaura, ango da hannu a rataye. Malam Abbas ya dafa kawunansu ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai faɗin gaskiya. Hamdiyya ta amsa da amin a cikin mayafi, ba wanda ya ji sai mijinta.