Wacce ce Ja a Cikinsu?

A shagon fenti suka haɗu, inda 'yar ƙanena take haɗa kala. Auta muke ce mata. Wani dogon saurayi ya shigo da guntun katako a hammata, ya ce kore yake so, ya kuma nuna gwangwanin ja da yatsa.

"Malam, wannan ja ne."

"To, na kusa da shi."

"Shi ma ja ne. Fenti ka zo saye ko mai fenti ka zo gani?"

Ya sunkuyar da kai, ya gaya mata gaskiya a tsaye a wurin. Haka aka haife shi, ja da kore suna rikice masa. Dalilin ke nan da makarantar tuƙin jirgin sama ta dawo da shi gida. Yanzu gyaran kwamfuta yake yi, da shi yake ci. In ya samu sarari sai ya zauna yana gyara allon gaban matuƙi na jirgin cikin kwamfuta, irin wanda masu sha'awa ke koyon tuƙi da shi a ɗakunansu. Agogon gudu, agogon tsawo, allurar mai, duk sai ya goge su tas, ya sa a intanet kowa ya ɗauka.

"Kyauta?" in ji Auta.

"Ni ma kyauta na same shi. Wanda ya fara shi ko fuskarsa ban sani ba."

Masu ɗauka suna yaba agogunan, amma kullum ƙorafi a kan fitilunsa. Ga shi fitilar taya ba abin wasa ba ce: kore na nufin tayoyi sun fito sun kulle, ja na nufin kada ka sauka. Nasa jan kuwa duk ya dushe. Auta ta karɓi wayarsa ta sa lambarta da hannunta.

Tun daga nan waya ba ta huta ba.

"Idona, duba min wannan. Ya yi ja?"

"Ya yi jan tsohon bulo. Ƙara masa wuta."

"Yanzu fa?"

"Yanzu kam ya tsorata ni. Bar shi haka, Kyaftin."

"Ina ma zan ga kalar mayafinki yadda kike ganinta."

"Shuɗi ne, kuma shuɗi kana gani sarai. Maƙaryaci."

Maganar aure ta kai gida, ƙanena kafinta ya fara saukowa. Sai mai kemis na bakin layi, wanda ya daɗe yana aiko wa Auta maganin tari ba ta yi tari ba, ya je ya tsaya a ƙofar shagon ƙanena, gaban masu jiran kujerunsu. Ya ce yaron nan makancewa yake yi a hankali, kuma duk ɗan da ya haifa makaho zai fito. Mutumin da ko maganin ciwon kai sai ya karanta kwali, wai shi ne ya zama likitan ido!

Ƙanena ya dawo gida fuska a murtuke.

"Ban yarda ba. Ba zan aurar da 'yata ta zama sandar wani ba."

"Baba, yana gani fa! Wayoyin da ba su kai gashi ba yake haɗawa."

"Na gama magana."

Saƙo ɗaya yaron ya turo bayan nan: "Babanki ya ce kada in sake zuwa. Ba zan sa ki saɓa masa ba, Idona. Ki yafe ni."

Yarinya ta bi ta rame. Waya ta yi ƙara ta zabura, ta ga ba shi ba ne, ta kifa ta. Mai neman farin fenti ta haɗa masa ruwan toka. Ana cikin haka ta ga ya saki sabon allo a intanet, ko tambayarta kala bai yi ba. Ta faɗo ɗakina tana kuka.

"Gwaggo, ya samu wata idon."

Na ce ɗauki mayafinki. Ni ban yi makaranta ba, amma na san hanyar shagon mutum.

Muka tarar da shi a tsakiyar matattun kwamfutoci, ya fi ta ramewa. Ta ƙi zama.

"Wa ta duba maka?"

"Babu kowa."

Ya juyo mata da allon. Ashe kowace fitila ya yi mata siffa: mai hana sauka ya yi ta kusurwa uku, ta lafiya ya yi ta zagaye kamar maɓalli. Ko ba ka ganin kala ka gane. Har wasu masu irin idonsa sun rubuto daga nesa suna godiya.

"Wato ka sallame ni ke nan."

"So na yi in iya ba tare da ke ba. Allon ya iya. Ni ban iya ba."

Ta juya baya tana share ido, tana danne dariya. Ni kuma na tsaya ina kallon fitilun nan, raina yana tafasa, don na tuna wani abu. Na ce ya mayar da tsohon allon, ina zuwa.

Da riƙon hannun riga na kawo ƙanena, garin katako a gemunsa.

"Yaya, ina da aiki."

"Zauna. Fitilu biyu ga su nan. Wacce ce ja a cikinsu?"

Ya duba. Ya matso da fuska. Auta ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni, don ba ta san inda na dosa ba, gani take yau za a binne maganar gaba ɗaya. Gumi ya karyo wa ƙanena.

"Wannan wane irin wasan yara ne?"

"Wacce ce ja? Kai da Inna ke aika sayen tumatir ka kawo ɗanye, a doke ka ana cewa iskanci ne? Kai da ba ka taɓa fentin kujerarka ba sai ka tura wa wani? Ka makance? Ga 'yarka nan, kala take haɗawa ana biyanta!"

Na ɗauka zai tashi ya fita, kuma da ya fita shi ke nan, na ɓata wa yarinya rayuwa da bakina. Sai yaron ya durƙusa a gefensa, ya danna wani abu, sabon allon ya fito.

"Baba, yanzu fa?"

Ƙanena ya ɗaga yatsa ya nuna. "Mai kusurwar nan. Ita ce ta haɗari."

"Ita ce, Baba."

Ƙanena ya ƙura wa allon ido. Can ya ce, "Duk tsawon shekarun nan na ɗauka ni kaɗai ne." Ya dafa kafaɗar yaron. "Ka turo manyanka."

An ɗaura aure lafiya, ango ya zo cikin tufafin da amarya ta zaɓa masa, surukinsa cikin waɗanda matarsa ta zaɓa masa.

Saura mai kemis. A gaban mutane ya yi wa ɗan mutane ƙazafi, a gaban mutane zai janye shi, kuma har yau bai yi ba. Kowace safiya ina ajiye kujerata a ƙofar kemis ɗinsa, duk wanda ya zo saye sai ya ji labarin nan kafin ya shiga. Ba ni da wani aikin da ya fi wannan.

Su kuwa yaran nan, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Abin da ɗaya bai gani ba, Allah ya sa ɗayan ya gane masa, har tsufa.