Mai Walda Da Ya Faɗi Lissafi

Ummuhani na tsugune tana wanke-wanke a gidansu da ke Tudun Wada, mahaifinta Malam Kailani ya ɗaga labule, fuska a murtuke.

"Yaron nan da ke nemanki, Ashraf, ya sake faɗuwa lissafi a kwaleji ko?"

Kwano ya suɓuce mata. "Baba, kari-oba ce kawai, zai sake rubuta jarrabawar..."

"Karo na biyu! Shekara talatin ina koyar da lissafi, sannan in ba malalaci 'yata? Kada in ƙara ganinsa a ƙofar gidan nan!"

"Wallahi ba lalaci ba ne, Baba! Tunda mahaifinsa ya kwanta ciwo, daga lakca shagon walda yake wucewa a unguwar Kwangila. Shi ke ciyar da gidansu!"

Malam ya saki labule. Ummuhani ta faɗa jikin mahaifiyarta Inna tana kuka. Saƙo ɗaya Ashraf ya turo mata: "Baba na da gaskiya, ki yafe ni." Ya kashe waya. Wata biyu ba ta cin abin kirki, duk ta rame.

Ramar nan ce ta kai Malam Kwangila. Ya tarar da Ashraf idanu jajur saboda wutar walda, littafi a buɗe kan ƙarfe, yana gyangyaɗi. Ya ɗauki littafin ya duba.

"Kai, ai kana da kai! Awa nawa kake karatu a rana?"

"Baba, in na samu rabin awa na gode Allah."

Malam ya ajiye littafin. Shi da kansa ya roƙi mai shagon ya rage wa Ashraf aiki zuwa kwana huɗu a sati. Kullum bayan sallar Asuba suna zaure da allo da alli, Ummuhani na miƙo koko daga bayan ƙofa.

Saura sati guda sakamako ya fito, Malam ya kwanta zazzaɓi. Kwana uku Allah ya karɓi abinsa.

Ashraf ya zo da takardar sakamakon, ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, na ci... wa zan nuna wa?"

"Ya bar wasiyya, ɗana," in ji ta cikin hawaye. "Ya ce ko ka ci ko ka faɗi, a ba ka Ummuhani."

Bayan Inna ta fita takaba aka ɗaura aure, amarya da ango kowa na share ido. Haƙurinsu ya biya su. Iyaye, kafin ku kira yaro malalaci, ku je ku ga inda yake wuni.