Alhamis Ɗin Jory

Tamsin ta daskare riƙe da rigar ruwan saurayinta Jory, tana duban takardar da ta faɗo daga aljihun: "Morwenna, Alhamis, ƙarfe huɗu."

Wace ce kuma Morwenna?

Alhamis uku ke nan yana ɓacewa, ya dawo gashi a jiƙe, yana ƙamshin sabulun da ba ta san shi da shi ba. Ga bikinsu saura wata guda.

Jory masunci ne, irin waɗanda mutanen tsibirinsu ke cewa sun bar wa Shaiɗan damuwa. Yakan tsallaka hanyar zuwa gari, wadda teku ke rufewa sau biyu a yini, a kan babur, ruwa na lasar taya, shi kuwa yana fito. Wannan halin ko-in-kula ya sace zuciyarta, shi ne kuma ya sa mahaifiyarta ta ƙi jinin sa.

"Mutumin da bai damu da ransa ba, da zuciyarki zai damu?" in ji uwar.

Kerensa mai shagon burodi, wadda ta taɓa son Jory ya ƙi kula ta, ta ƙara gishiri. Wai ta gan shi a cikin gari da 'yar jaka, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Da Tamsin ta tambaye shi, dariya ya yi, ya ce komarsa ta kamun kifi ya kai gyara. Ƙarya ce, ta ga komar a rataye.

Ranar Alhamis ta cire zoben baikonsu ta jefa a aljihu, ta bi shi a bas zuciyarta na tafasa. Gidan ninƙaya na gari ya shiga.

Ashe Morwenna tsohuwa ce mai shekara saba'in, mai koyar da iyo, da usur a wuya. Jory kuwa yana cikin ruwa iya ƙirji, ya ƙanƙame bakin kwamin iyon.

Masuntan tsibirin ba sa koyon iyo. Kakanninsu sun ce ranar da teku ta zo ɗaukar ka, iyo wahala kawai zai tsawaita maka. Tamsin ta san haka, amma ba ta taɓa tunanin har da shi ba.

"Jory... duk tseren nan da kake da teku, ba ka iya ruwa ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Da, in ta cinye ni ba wanda zai yi kuka. Yanzu akwai ki, masoyiyata. Ina so in riƙa dawowa gida."

"Shi ne ka ɓoye min?"

"In abokan jirgi suka ji, na shiga uku da tsiya."

Kunya da tausayi suka rufe ta. Ta zagaya ɗaya ƙarshen kwamin, ta durƙusa da tufafinta a jiƙaƙƙen daɓe, ta miƙa hannu biyu.

"To taho, angona. Ina nan."

Ya dubi nisan ruwan, tsoro ƙarara a fuskarsa, abin da ba ta taɓa gani ba. Sannan ya saki bangon.