Masu Gadin Ƙofar Gabas

Ruwan farko na bana bai tashi sauka a Dutse ba sai ranar Asabar da la'asar, ana tsakiyar wasan ƙarshe na gasar ƙwallo. Sufeto Ubaidullahi yana tsaye bakin tagar ofis yana shaƙar ƙamshin ƙasa, hankalinsa ya lula gonar mahaifinsa a Kafin Hausa, sai waya ta yi ƙara. An tattake mutum a ƙofar gabas ta filin wasa.

Fa'izu sunansa, tela ne a Limawa. Da ruwa ya tsuge, jama'a suka yo ƙofa suka tarar da ita a garƙame, na baya na danna na gaba. Allah ya jiƙansa.

Alhaji Jaji, mai kamfanin tsaron da aka ba gadin filin, ya tari Sufeto da laima. Dama 'yan majalisa sun sa wa kamfanin ido. Kwamitinsu ya zo wasan don ya ga masu gadin da idonsa, ranar Litinin kuma za su zauna a kai.

"Yallaɓai, mutum talatin na sa a ƙofar nan, duk horarru," in ji Alhaji. "Ga mai riƙe da makulli can. Ya kulle ya tafi salla, tsufa ne."

Malam Gwadabe, dattijo mutumin Miga, yana tsugune jikin katanga, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Baba, kai ka kulle?"

"Ban kulle ba, ɗana."

"Ina sauran masu gadin?"

"Suna nan. Duk suna nan."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Wasu mutanen ƙarya ba ta yi musu kyau ko kaɗan.

Sufeto ya karɓi makullan tsohon ya gwada ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya shiga. Kwaɗon sabo ne fil. Ya sa aka yanke sarƙar ƙofar, ya tafi da kwaɗon a kulle. Duk da haka aka tsare Malam Gwadabe, kuma idan Litinin ta yi ba a sami wani ba, shi zai tsaya gaban alƙali da ran Fa'izu a wuyansa. Abin ya tsaya wa Sufeto a rai.

Da safe ya je siton kamfanin. Hamida, mai kula da kaya, ta rantse cewa ma'aikatan sun tashi aiki a kan lokaci. Ga kakinsu nan a jibge, a jiƙe. Sufeto ya laluba aljihun ɗaya, ya ciro wani ɗan ƙulli. Irin gero ne, an shafe shi da jan magani.

Ya daɗe yana juya ƙwayoyin a tafin hannu. Ya ga kansa yana yaro, babansa na gaba da sungumi, shi yana baya yana zuba iri yana takewa da diddige, ƙasa da sanyi a tsakanin yatsu.

"Yallaɓai?" in ji Hamida.

Ya yi firgigit. "Malama, wane mai gadi ne ke yawo da iri a aljihu? Daga ina aka kwaso su?"

Ta sunkuyar da kai. "Daga Miga. Ranar wasan da safe."

Hanyar Miga ta yi luf, gizagizai sun sauko kamar a taɓa su. Ko'ina mutane ne a jere suna shuka, ba mai ɗaga kai. A wata gona ya hango hular kamfanin a kan wani mutum mai sungumi. Ɗan'inna sunansa, bai ko yi yunƙurin gudu ba.

"Baba Gwadabe aka sa ya tattaro mu," in ji shi. "Cewa aka yi mu sa kaki mu tsaya manya su gan mu, shi ke nan. To sai ga ruwa. Yallaɓai, ruwan shuka ne fa! Wa zai tsaya kallon ƙwallo?"

Sufeto ya so ya yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Da shi ne ma da ya tafi.

"Wa ya ga fitarku?"

"Alhaji da kansa. Ya zage mu tas. Muna hawa mota na hango shi yana ciro kwaɗo daga bayan motarsa."

Ranar Litinin Alhaji Jaji ya sha babbar riga, yana shirin shiga wajen kwamiti, Sufeto ya tare shi a baranda ya ɗora kwaɗon a kan benci.

"Alhaji, ara mini makullan motarka."

"Me ya haɗa motata da wannan?"

"In babu, ai babu."

Alhaji ya miƙa masa makullan. A cikin tarin akwai wani ɗan ƙarami mai ƙyalli. Kai, wani mutum da rowa, ko abin da zai kashe shi ba ya iya yarwa! Sufeto ya zura ya murɗa, kwaɗo ya buɗe.

Alhaji ya zauna daɓas. "Kwamitin na zagayowa," ya ce a hankali. "Da sun ga ƙofa a buɗe ba kowa, sun gane ba ni da ma'aikata. Na ce in rufe a ɗauka ba a amfani da ita. Minti goma kawai na nufa, wallahi."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa, aka wuce da shi ta gaban 'yan majalisar.

Da azahar Sufeto ya fito da Malam Gwadabe da kansa. "Baba, hau in kai ka tasha. Ƙasa ba ta bushe ba, za ka sami shuka."

Tsohon ya girgiza kai. "Limawa za ka kai ni, ɗana, gidan mamacin. Ban kulle ƙofar ba, amma ni na kawo mutanen nan, na kuma san ba masu gadi ba ne. Gara iyalinsa su ji daga bakina."