Tayil a Bangon Ƙasa

"Wayyo kaina! Ku taho, bango ya kashe ni!"

Taibatu ta yar da muciya ta kwasa a guje zuwa makewayi. Ta tarar da kakarta, Inna Marka, a rakuɓe ta dafe goshi, jini na bin yatsunta. Fararen tayil ɗin nan da matan Bakura suka yi ta zuwa kallo sun zube ƙasa ratata kamar an kifar da kwandon tangaran, bango ya koma jajir abinsa.

Aikin Labaran ne. Labaran ɗinta!

Tun da aikin dam ɗin Bakolori ya ci gonar mahaifinta, Malam Nasidi, babu inda mai neman aure zai kawo gayyar noma. Sai tsohon ya ce tunda yaron tayil yake liƙawa a gidajen ma'aikatan dam, ya zo ya liƙa wa Inna a makewayi, ya zama shi ne nomansa. Ruwan farko na damina ya sauka jiya, yau ga abin da aka samu.

"Ai na faɗi, Baba," in ji Dikko, ɗan wan mahaifin Taibatu, wanda ya daɗe yana zuba mata ido. "Ragowar siminti ya kwaso. Rena mu ya yi!"

"Uwata zai kashe min?" Malam Nasidi ya buga sanda a ƙasa. "An fasa! Kar in ƙara ganin ƙafarshi ƙofar gidan ga!"

"Baba..."

"Rufe min baki!"

Taibatu ta rufe.

Washegari Talata, ta ce za ta sayo wa Inna maganin ciwo, ta haye a-kori-kura sai Mafara. A bakin wani sabon gida ta samu Labaran yana jiƙa tayil a rabin duro. Yana ganinta ya washe baki.

"Taibatuna! Hasken..."

"Riƙe haskenka! Ka fasa wa Inna kai, an fasa aurenmu, kana nan kana wasa da ruwa!"

Cokalin gini ya suɓuce daga hannunsa.

"Ya zubo?"

"Ya zubo!"

"Dama na san zai zubo..." ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Taibatu ta yi tsaye cak.

"Mi kac ce?"

"Bangon ƙasa ba ya riƙe tayil. Da ya sha ruwa sai ya kumbura ya tofar da shi."

"Ka sani?! Ka sani kal liƙa?"

"Baba ne ya nuna bangon da sandarshi ya ce nan yake so. Ni in dubi surukina in ce mai a'a? Da wane baki?"

"Da bakin da kake ce min hasken idonka!" Hawaye suka zubo mata, na takaici zalla. "Wato da ka ji kunyar Baba gara kan Inna ya fashe? Da makaranta ce ka ci na ɗaya a kunya, Labaran!"

"Ki yi haƙuri, masoyiyata..."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Gobe ka zo gidanmu ka faɗi abin da ka faɗa min. In ba ka iyawa, ga Yaya Dikko can, shi bakinshi ba ya rufuwa."

Ta juya fuuu, ko waiwaye.

Washegari Labaran ya zo bayan la'asar. Taibatu ta laɓe bayan ƙofar zaure. Tana jin sa ya durƙusa yana jero gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, yaya ruwa, yaya mai jiki, har Dikko ya yi tsaki.

"Tunda ka yi ƙarfin halin zuwa," in ji Malam Nasidi, "magana ɗaya ta. Ka maida tayil ɗin nan inda yake, bangon nan dai, ka sa siminti na kirki. In ya zauna, mu duba maganarka."

Labaran ya sunkuyar da kai.

"To, Ba..."

Taibatu ta saki murfin kwano a ƙasa, ƙwal!

Labaran ya ɗago kai.

"A'a, Baba."

"Mi?!"

"A'a. Ba siminti ba ne, bangon ne. Ko sau nawa na liƙa sai ya zubo, kuma tun farko na sani, nauyinka ya hana ni faɗi. Ƙasan makewayin zan iya yi mai daɓe in shimfiɗa tayil, wannan ƙaramin aiki ne. Bango kuwa sai dai a tada na bulo, ko a bar shi da yaɓenshi. Amma in sake sa abin da zai faɗo wa Inna, ko da zan rasa Taibatu, ba ni yi."

"Ka ji rashin kunya, Baba!" Dikko ya miƙe.

"Zauna, sarkin zuga!"

Inna Marka ce, ta ratsa ta gefen Taibatu da ƙyalle ɗaure a kai.

"Kai Nasidi, tun kana yaro in ka nuna abu da yatsa ba mai iya ce ma a'a. Ga sakamakon nan a goshina! Yau ka samu wanda ya faɗa ma, sai ka kore shi?" Ta juya kan Labaran. "Kai kuma angona, kashe ni kaz zo yi don ka huta da uwargida?"

"Tuba nike, Inna."

Malam Nasidi ya daɗe yana shafa gemu.

"Ka tada na bulo," ya ce daga ƙarshe. "Aure kuma bayan girbi."

Dikko ya figi takalmansa ya fice. Taibatu ta jingina da bango tana dariya tana kuka. Da tsofaffin suka shige ciki, ta leƙo.

"Ashe bakin na aiki?"

"Saboda ke, Taibatuna, ko dutse sai in ce mai a'a."

Sallama ta katse su. Wani dattijo ne mai malfa, ya jingine keke a ƙofar gida, ƙafafunsa duk taɓo.

"Nan anka ce in samu Labaran mai tayil? Ni ne Bappa, daga Maradun. Bara da ya yi min aiki na ce na ba shi ɗiyata Kyauta, ya sunkuyar da kai bai ce a'a ba. Shi ne na zo in ji ranar da zai turo manyanshi."

A hankali Taibatu ta juyo ta dubi Labaran.

Kansa na ƙasa.