Gawar Walter Haigh a Ɗakin Ajiya

Mai gyaran famfo ne ya ga gawar, a ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin benen gidajen ƙaramar hukuma na Holme Row, a arewacin Ingila. Tsoho ne, an naɗe shi da bargo, an sa masa matashi.

Sufeto Moira Tennant ta tsaya tana kallo. Ta ga irinsu da yawa, yanzu ba ta jin komai.

"Walter Haigh, hawa na uku," in ji likitan 'yan sanda. "Babu rauni. Zuciya ce, ina jin. Amma ya mutu tun cikin hunturu."

A hawa na uku, Doreen, tsohuwa maƙwabciyarsa, ta buɗe wa Moira ƙofa da kofin shayi a hannu.

"Tun hunturu? Haba, 'yar nan! Shekaranjiya na gan shi a taga."

"Fuskarsa kika gani?"

Tsohuwar ta kau da kai. "Hularsa."

"Kin yi magana da shi?"

"Jikarsa ta ce ba ya son baƙi. Ni kuwa ba na shiga sha'anin mutane."

Jikar, Leanne, ba ta kai talatin ba. Gidan tsaf yake, da ɗumi. Yara biyu suna kallon talabijin. Ga kujera a bakin taga, an tara matasai a kanta, an ɗora hula.

"Ranar Asabar ya fita, bai dawo ba," ta ce.

"Kin sanar da mu?"

"Na ɗauka yana wurin abokansa."

Moira ta shiga madafa, ta buɗe kabad. Kwalayen maganin zuciya ne jere, na wata da watanni, ko ɗaya ba a ɓare ba. Ta ɗauko guda, ta ajiye a gaban Leanne.

Leanne ta tura yaran ɗaki. Ta zauna.

"A barci ya tafi," ta ce, muryarta ba hawa ba sauka. "Na kai masa shayi, na tarar ya yi sanyi. Ban taɓa shi da mugunta ba."

"To me ya sa?"

"Gidan da sunansa yake. Hukuma ta ce sai na cika shekara tare da shi kafin ya zama nawa. Lokacin wata biyar kawai muka yi. Kin san inda muka fito? Ɗaki ɗaya, bango baƙi ƙirin da danshi. Ƙaramin nan kullum muna asibiti, ba ya iya numfashi. Tun ina da cikinsa nake layin neman gidan hukuma."

"Ke kika sauko da shi?"

"Ni kaɗai. Ba shi da nauyi." Ta dubi hannuwanta. "Saura wata guda, Sufeto. Da shekarar ta cika, da sai in ce ya ɓata."

Moira ta shaida mata an kama ta, ta karanta mata haƙƙoƙinta. Ba ta sa mata ankwa ba. Doreen ta zo ta kama hannun yaran, ba ta dubi kowa ba.

A ƙasa, wata mata riƙe da jariri ta tare su, ta sunkuyar da murya.

"Ki yi haƙuri, Sufeto. An ce mai gidan hawa na uku ya rasu. Ɗaki nawa ne a ciki?"

"Biyu," Leanne ta amsa mata, kafin ta shiga mota. "Akwai ɗumi."